Amsoshin Tambayoyinku: Cocin Notre-Dame na Birnin Faris, Tarihinsa da Fasahar Gininsa

Tun da aka sake buɗe babban cocin Katolika na Notre-Dame da ke birnin Faris a watan Disamba na 2024, bayan gobarar da ta cinye rufinsa, wasiƙu suke ta shigo mana daga masu karatu, Musulmi da Kirista, suna neman ƙarin bayani a kan wannan gini. Mun zaɓi waɗanda suka fi shafar tarihinsa da yadda aka gina shi, muka taƙaita tambayoyin, ga kuma amsoshinsu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare, kuma ɗalibaina sun tambaye ni wanda ya gina wannan coci da lokacin da aka gina shi. Na ji ana cewa an shafe kusan shekara 200 ana aikin. Shin haka ne, kuma me ya jawo wannan jinkiri? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne. Cocin yana kan wani ƙaramin tsibiri da ke tsakiyar Kogin Seine, wanda ake kira Île de la Cité, wurin da mutane suke zaune tun zamanin Rumawa. A farkon ƙarni na 18 masu haƙa a ƙarƙashin cocin sun tono duwatsun wani ginshiƙi da matuƙa jiragen ruwa na garin suka kafa wa abubuwan bautarsu a zamanin Sarkin Ruma Tiberius, abin da ke nuna cewa wurin ya daɗe da zama na ibada kafin ma addinin Kirista ya iso ƙasar. Daga baya an gina coci-coci a wannan fili, kuma mafi girmansu shi ne na Saint-Étienne, wanda aka rushe domin a samu wurin kafa na yanzu.

Wanda ya ƙudurta aikin shi ne Maurice de Sully, wanda ya zama Bishop na Faris a 1160. An aza harsashi a 1163, a zamanin Sarki Louis na Bakwai, aka kuma sadaukar da ginin ga Maryamu, mahaifiyar Yesu Almasihu, domin ita ake nufi da sunan Notre-Dame, wato Uwargijiyarmu. Masu karatunmu na Nijar da Cadi da Kamaru sun san sunan, tun da manyan coci-cocin Katolika na Yamai da Njamena da Yawunde duk da shi suke farawa.

An fara ginin daga gabas, inda bagadi yake, domin a samu damar yin ibada tun aiki bai ƙare ba, kuma an tsarkake babban bagadin a 1182. Bishop Maurice ya rasu a 1196 bai ga fuskar cocin ba, domin sai wajen 1200 aka ɗora hannu a kanta, hasumiyoyinta biyu masu tsawon mita 69 kuma sai wajen 1250 suka kammala. Bayan nan ne gwanaye biyu, Jean de Chelles da Pierre de Montreuil, suka faɗaɗa fikafikan arewa da kudu, sannan aka ci gaba da ƙara ƙananan ɗakunan addu'a a kewayen ginin har zuwa wajen 1345. Idan ka lissafa daga 1163, shekara 182 ke nan.

Dalilan jinkirin suna da yawa. Kuɗin aikin yana fitowa ne daga gonaki da harajin da ke hannun Bishop da majalisar limaman cocin, da kuma sadakar jama'a, saboda haka aiki yakan yi sauri a shekarar wadata, ya ja ƙafa a shekarar ƙunci. Kowane dutse da hannu ake sassaƙa shi, a ɗauko shi daga mahaƙar da ke kusa da birnin, a ɗaga shi sama da ƙaton gargare na katako wanda mutane ke shiga ciki suna takawa yana juyawa. Da hunturu kuwa ana dakatar da ɗora dutse, domin ƙanƙara tana lalata kwaɓin farar ƙasa kafin ya kama. Amma akwai dalilin da ya fi waɗannan jan hankali, kuma shi muke so ka jaddada wa ɗalibanka: tun ginin bai ƙare ba aka fara sake shi. Wajen shekarun 1220 zuwa 1230, da aka ga sababbin coci-coci irin na Chartres da Reims sun fi shi haske, sai aka fasa saman bangon da aka riga aka gina, aka ƙara wa tagogin tsawo. Wannan hali na gyara da sauyi ya bi cocin a dukan tarihinsa. Abin tausayi shi ne, takardun zamanin sun adana sunan Bishop da na sarki, amma ba su adana sunan maginin farko da ya tsara ginin ba.

TAMBAYA: Ni magini ne, na gaji sana'ar daga mahaifina. Na ga hoton cikin cocin, bango kusan duk gilashi ne, rufi kuma na dutse ne can sama. Ba siminti, ba rodi, me ya riƙe shi har yau? Daga wani mai karatu a Damagaram.

AMSA: Malam magini, tambayarka ta taɓa zuciyar al'amarin, kuma za mu ɗan tsawaita a kanta. Tsawon cocin ya kai kimanin mita 128, faɗinsa mita 48, rufin dutsen da ke kan babban zaurensa kuma yana da nisan kusan mita 33 daga ƙasa. Ka san cewa rufi mai lanƙwasa ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, yana kuma tura bango waje, kuma gwargwadon tsawon bango gwargwadon haɗarin ya buɗe. Maginan Turai na kafin wannan zamani sun magance matsalar da kaurin bango da ƙananan tagogi, shi ya sa coci-cocinsu suke da duhu. Salon da ake kira Gotik, wanda ya fara bayyana a cocin Saint-Denis kusa da Faris a ƙarƙashin shugabansa Suger wajen 1140 zuwa 1144, ya zo da wata dabara dabam, wato a tattara nauyin a wasu wurare ƙalilan da aka sani, a ƙarfafa su, sauran bangon kuma a sauke masa kaya.

Matakin farko shi ne bakan gizo mai tsini a sama maimakon mai zagaye. Mai tsinin yana mayar da yawancin nauyi ƙasa, ba ya tura gefe sosai, sannan magini yana iya ɗaga shi ko ya rage shi yadda ya dace da faɗin wurin. Ba Faransawa suka fara amfani da shi ba. Masallacin Ibn Tulun na Alƙahira, wanda aka kammala a 879, cike yake da irin wannan baka, kusan shekara 300 kafin Notre-Dame, kuma masana da yawa suna ganin cewa ta hanyar Sisili da kudancin Italiya salon ya shiga Turai. Abin da maginan Faransa suka ƙara shi ne haɗa shi da wasu dabaru har ya zama tsari guda.

Daga nan sai haƙarƙarin rufi. Ana fara gina bakunan dutse masu giciye da juna daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, sannan a cike tsakaninsu da siraran duwatsu marasa nauyi. Wanda ya taɓa ɗaga kai a cikin tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ya ga irin wannan tunani a ɗaurin guga, inda bakuna ke ɗauke da rufi su sauke nauyinsa a kan ginshiƙai, sai dai shi da ƙasa da azara ya yi, su kuwa da dutse zalla. A Notre-Dame kowane sashe na rufin babban zauren an raba shi gida shida, kuma nauyinsa yana gangarowa ta waɗannan haƙarƙari zuwa ginshiƙan da ke ƙasa.

Sauran turin da ke neman buɗe bango kuwa, daga waje aka tare shi. Idan ka dubi hoton cocin ta baya, za ka ga wasu dogayen hannuwa na dutse sun taso daga manyan madogarai da ke tsaye nesa da bangon, sun ratsa iska sun tokare shi daidai inda rufin ke turawa. Waɗanda ke kewaye da gabashin ginin, waɗanda gwani Jean Ravy ya yi a ƙarni na 14, kowanne ya miƙa kimanin mita 15 ba tare da wani abu a ƙarƙashinsa ba. A ganinmu, nan ne kyan ginin ya fi fitowa, domin maginan ba su ɓoye abin da ke riƙe da shi ba, sun bar shi a fili suka kuma ƙawata shi.

Game da rodi kuwa, akwai wani abu da gobarar 2019 ta tona. Da rufi ya yaye, masu bincike sun ga manyan ƙusoshin ƙarfe masu baki biyu da aka ɗaure duwatsu da su, kuma gwaji ya nuna cewa wasunsu tun shekarun 1160 aka ƙera su. Ashe tun daga farko maƙera suna cikin aikin, kuma ƙarfe ya taimaka wa dutse.

Da bango ya huta da ɗaukar kaya, sai aka buɗe shi aka sa gilashi mai launi. Mafi shahara su ne tagogi uku masu siffar fure: na yamma, mai faɗin kusan mita 10, da na arewa da na kudu, masu faɗin kusan mita 13 kowanne, waɗanda aka yi a tsakiyar ƙarni na 13. Ƙananan gutsattsarin gilashi ne aka harhaɗa da zaren dalma, aka ɗora su a cikin saƙar dutse. Ga masu ginin, hasken da ke ratsowa ta cikinsu alama ce ta hasken Ubangiji, saboda haka neman haske a wurinsu lamari ne na addini kafin ya zama na ado.

Abu na ƙarshe da ya kamata ka riƙe, domin zai dawo a maganar gobara, shi ne cewa rufin hawa biyu ne. Wanda ake gani daga ciki na dutse ne, a samansa kuma akwai wani na katako mai tsini wanda aka lulluɓe da faranta na dalma domin kare ginin daga ruwan sama da dusar ƙanƙara. Katakon na itacen oak ne, mai tauri da jure zamani, yawancinsa tun ƙarni na 13, kuma saboda yawansa Faransawa suke kiran wurin da suna daji.

TAMBAYA: Barka da aiki. Ni Kirista ce, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne siffofin dodanni da ke jikin cocin. Me ya kawo su ɗakin ibada? Daga wata mai karatu a Jos.

AMSA: Barka kadai, Malama. Siffofin iri biyu ne, kuma ana yawan gwama su. Na farko indararo ne, aikinsu zubar da ruwan sama nesa da bango domin kada ya jiƙa dutse ya ci kwaɓin da ke tsakaninsa. An tsawaita su ne saboda ruwan ya faɗi can waje, masassaƙan zamanin kuma suka ba su kamannin namun daji da dodanni masu buɗaɗɗen baki, kamar yadda al'adar sassaƙarsu ta saba. Masu sharhi sukan fassara su da cewa hoton mugunta ne da aka bari a waje, ba ta shiga wuri mai tsarki ba.

Na biyun su ne waɗanda ke zaune a kan baranda tsakanin hasumiyoyi suna leƙen birni, ciki har da sanannen nan da ya yi tagumi. Waɗannan ba sa zubar da ruwa, kuma ba su da tsufan da ake zato, domin a ƙarni na 19 aka ƙara su lokacin babban gyaran da za mu ambata nan gaba.

Sassaƙar da ta fi muhimmanci ga masu ibada tana ƙasa, a ƙofofi uku na fuskar yamma. Ta tsakiya tana nuna ranar shari'a, da matattu suna tashi daga kaburbura da mala'ika Mika'ilu riƙe da ma'auni. Ta hagu ta Maryamu ce, ta dama kuma ta Hannatu, wadda al'adar Katolika ta ɗauka a matsayin mahaifiyar Maryamu. A zamanin da aka yi su yawancin jama'a ba su iya karatu ba, kuma littafi abu ne mai tsada da ake kwafa da hannu, saboda haka waɗannan duwatsu su ne suke koya wa talaka labaran Littafi Mai Tsarki. A da fentin launuka ne a jikinsu, ruwa da rana suka wanke shi.

TAMBAYA: Wani abokina ya ce akwai lokacin da Faransawa da kansu suka kori limamai suka mayar da cocin rumbun ajiya. Da gaske ne? Kuma yanzu mallakar wa ne, Fafaroma ko gwamnati? Daga wani mai karatu a Kumasi.

AMSA: Da gaske ne, ɗan'uwa. A lokacin juyin juya halin Faransa da ya fara a 1789, masu juyin sun ɗauki Cocin Katolika a matsayin abokin tafiyar sarauta, suka ƙwace dukiyarsa. A 1793 abin ya kai maƙura. A saman ƙofofin akwai jerin mutum-mutumi 28 na sarakunan Yahuza da ke cikin Tsohon Alkawari, sai aka ɗauke su a matsayin sarakunan Faransa, aka jawo su ƙasa aka sare musu kai. A ranar 10 ga Nuwamba na shekarar aka yi bikin abin da suka kira bautar hankali a cikin cocin, daga baya kuma aka riƙa ajiye kaya da gangunan giya a ciki. An narkar da ƙararrawoyi, sai babbar cikinsu mai suna Emmanuel, mai nauyin kusan tan 13, wadda aka yi a ƙarni na 17, ita ce ta tsira. A 1977, ana haƙa a harabar wani gini a wata unguwa ta Faris, aka tarar da kawuna 21 na waɗancan sarakuna a binne, kuma yanzu suna gidan tarihi na Cluny.

An mayar wa Katolika cocin a 1802, kuma a cikinsa Napoleon ya naɗa wa kansa kambin sarauta a ranar 2 ga Disamba 1804 a gaban Fafaroma Pius na Bakwai. Amma ginin ya riga ya lalace ƙwarai, kuma ba masu juyi kaɗai suka yi ɓarnar ba. A ƙarni na 18 limaman cocin da kansu suka cire yawancin tsohon gilashi mai launi suka sa fari, kuma a 1771 aka sare ginshiƙin tsakiyar babbar ƙofa domin jerin gwano ya wuce a sake. Mun ambaci wannan ne saboda ɓarnar mai son gyara ba da sani ba takan yi daidai da ta maƙiyi.

Abin da ya farkar da jama'a shi ne littafin ƙagaggen labari da Victor Hugo ya wallafa a 1831 mai ɗauke da sunan cocin, inda ya koka da halin da ginin ke ciki. A 1844 aka danƙa gyaran ga Jean-Baptiste Lassus da Eugène Viollet-le-Duc. Lassus ya rasu a 1857, abokin aikinsa ya ci gaba har 1864. Shi ya sa aka sake sassaƙa sarakunan, ya ƙara dodannin baranda, ya kuma gina siririyar hasumiya mai tsawon mita 96 a tsakiyar rufi, a madadin ta asali da aka sauke a ƙarshen ƙarni na 18 saboda ta raunana.

Batun mallaka kuwa, cocin na gwamnatin Faransa ne. Dokar 1905 da ta raba addini da mulki ta tabbatar da haka, ta kuma bar wa Katolika damar yin ibada a ciki. Gwamnati ke da alhakin kula da ginin, Babban Bishop na Faris ke jagorantar ibada, kuma shiga cikinsa kyauta ne.

TAMBAYA: Me ya haddasa gobarar 2019, kuma yaya aka yi ginin bai rushe gaba ɗaya ba, alhali mun ga wuta ta tashi har sama? Daga wani mai karatu a Garwa.

AMSA: Malam, gobarar ta tashi ne da yammacin ranar 15 ga Afrilu 2019, a cikin dajin katakon nan da ke ƙarƙashin dalma, a lokacin da ake aikin gyaran siririyar hasumiya. Masu gabatar da ƙara na Faris sun bayyana cewa ba su ga alamar an sa wutar da gangan ba, kuma bincikensu ya fi karkata ga tartsatsin wayar lantarki ko guntun taba da ba a kashe ba. Ƙararrawar gargaɗi ta kaɗa wajen ƙarfe 6:20, amma wanda aka aika dubawa ya nufi wani sashe dabam na ginin, kuma kafin a gano ainihin wurin kusan rabin sa'a ta wuce. Ga katakon da ya shekara 800 yana bushewa, wannan lokaci ya isa.

Kafin ƙarfe 8 na dare siririyar hasumiyar ta karye ta faɗa ciki. Rufin katako ya ƙone kusan duka, dalma mai nauyin tan sama da 400 ta narke, ƙurarta mai guba ta bazu a cikin ginin da unguwannin da ke kewaye. Abin da ya ceci cikin cocin shi ne rufin dutsen da muka bayyana wa maginin Damagaram. Ya tsaya tsakanin wutar da zauren, garwashi da gumagumai suka zube a bayansa, kuma a wurare uku kawai ya huje. Da rufin katako kaɗai cocin yake da shi, da babu abin da zai rage a ciki.

Haɗari mafi girma ya zo ne lokacin da wutar ta kama katakon da ke ɗauke da ƙararrawoyi a hasumiyar arewa. Da ya ƙone, ƙararrawoyin za su rufto da nauyinsu, suna iya jawo hasumiyar, ita kuma ta jawo fuskar cocin. Shugabannin 'yan kwana-kwana suka yanke shawarar haƙura da rufin, suka tura wata ƙaramar tawaga ta hau hasumiyar ta matsattsen matakala, suna sane da cewa mai yiwuwa ba za su sauko ba. Su suka tare wutar a nan, kuma muna ganin sun cancanci a ambace su tare da gwanayen da suka gina wurin. Ɗaruruwan ma'aikata sun kwana suna fama har safiya, ba a kuma rasa rai ko ɗaya ba.

Tagogin fure uku sun tsira. Babban ogan, wato kayan kiɗan coci mai bututu kusan 8,000, bai ƙone ba, sai dai ƙurar dalma ta cika shi, aka kwance shi aka wanke. An fitar da kayan tarihi hannu da hannu, ciki har da kambin ƙaya wanda Katolika suke girmamawa a matsayin wanda aka sa wa Yesu, wanda Sarki Louis na Tara ya kawo Faris a 1239. Mutum-mutumin tagulla 16 da ke kewaye da siririyar hasumiya kuwa, kwana huɗu kafin gobarar aka sauke su domin gyara.

TAMBAYA: Tun da an sake rufin da hasumiyar, ashe ba sabon gini ba ne ake kira tsoho? Sannan kuɗin da aka kashe, ba a ganin ya yi yawa? Daga wata mai karatu a Kano.

AMSA: Hajiya, Faransawa ma sun yi wannan muhawara, kuma da zafi. Washegarin gobarar Shugaba Emmanuel Macron ya yi alkawarin kammala gyara cikin shekara biyar, aka kuma fara maganar sabuwar hasumiya ta zamani, har wasu masu zane suka kawo shawarar rufin gilashi. A watan Yuli na 2020 aka tsayar da shawarar mayar da komai yadda yake, da irin kayan da aka yi shi da su. Abin ya yiwu ne saboda zane-zanen Viollet-le-Duc suna nan a adane, an auna katakon rufin dalla-dalla 'yan shekaru kafin gobarar, kuma wani masanin tarihin gine-gine, Andrew Tallon, ya riga ya ɗauki awon ginin duka da na'urar haske.

Kafin a fara gini sai da aka shafe kusan shekara biyu ana tokare abin da ya rage. Ƙarafan da ma'aikata ke hawa, guda 40,000, sun narke sun manne da juna a saman ginin, aka yanke su ɗaya bayan ɗaya har zuwa ƙarshen 2020. An sare itatuwan oak kusan 2,000 daga dazuzzukan Faransa, kuma gumaguman babban rufin da gatari aka fafe su, kamar yadda kafintocin ƙarni na 13 suka yi, domin gatari yana bin jijiyar itace. Kimanin ma'aikata 2,000 ne suka yi aikin a ƙarƙashin babban mai zane Philippe Villeneuve. Janar Jean-Louis Georgelin, wanda ya shugabanci hukumar aikin, ya rasu a watan Agusta na 2023, Philippe Jost ya gaje shi. An buɗe cocin a ranar 7 ga Disamba 2024, washegari kuma Babban Bishop Laurent Ulrich ya tsarkake sabon bagadi. A cikin sabon rufin an sa bangayen tare wuta da na'urar feshin ruwa, abin da tsohon bai da shi.

Ra'ayinmu shi ne cocin bai zama sabo ba. Bangaye da ginshiƙai da hasumiyoyi biyu da yawancin rufin dutse na asali ne, hasumiyar da ta faɗi kuma shekararta 160 ne kawai, ita ma madadin wata ce. Asarar da ba ta da mayi ita ce katakon ƙarni na 13, domin ana iya kwaikwayon siffarsa, amma sawun gatarin mutanen da suka fafe shi ya tafi. Gardamar ma ba ta ƙare ba, domin shawarar gwamnati ta cire gilashin ƙarni na 19 daga ɗakunan addu'a shida na ɓangaren kudu, wanda wuta ba ta taɓa ba, a sa na zamani da mai zane Claire Tabouret ta tsara, ta gamu da adawar masana adana kayan tarihi, kuma muna ganin hujjarsu tana da ƙarfi.

Kuɗin kuwa, an tara kusan Yuro miliyan 846 daga masu bayarwa kimanin 340,000 a ƙasashe 150, kuma kaso mai tsoka ya fito ne daga attajiran Faransa irin su iyalan Arnault da Pinault da Bettencourt. Ƙorafinki ba ke kaɗai kika yi shi ba, domin a daidai lokacin masu zanga-zangar tsadar rayuwa a Faransa sun tambayi yadda aka samu irin wannan dukiya cikin 'yan kwanaki saboda dutse, alhali talaka yana kuka ba a ji. Tambaya ce mai nauyi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Abin da za a ce a ɗaya ɓangaren shi ne, kuɗin gudummawa ne, kuma ya tafi ne ga masassaƙa dutse da kafintoci da maƙera da masu gilashi, ya kuma horar da matasa a sana'o'in da suka kusa ɓacewa. An kashe kusan miliyan 700 kafin buɗewa, ragowar kuma an ware ta domin gyaran bayan ginin ta gabas, musamman dogayen hannuwan dutsen nan da ke tokare da bango, waɗanda tun kafin gobarar suka fara zaizayewa.